Buzuzun Yumɓu

Kakarmu Habsu ba ta yin tatsuniya hannu rabbana, sai da curin yumɓu a tafinta. Lokacin sanyi, bayan hatsi ya shiga rumbu an ci tuwon dare, sai ta sa mu jawo kara mu hura wuta a tsakar gidanmu na Dogarawa. Mu zagaye ta, ni da wana Ilya da yaran maƙwabta. Baki na magana, yatsu na murza yumɓu, kafin labari ya ƙare ta ƙera wanda ake labarinsa. Daga bayan danga kuma muna jiyo kukan shanun Buba, makiyayin da ke sauka gonarmu kowace shekara bayan girbi. Shanunsa su ci kara su bar mana taki, a ba shi damman gero, matarsa ta kawo mana nono.

Ni ta fi tsokana. "Matso nan, mijina," in ji ta, "miji ke nan da ko goro bai taɓa sayo mini ba." Idan za ta fara sai ta tafa hannu sau ɗaya ta ce, "Ta iso, kuma ba ta gaida mai gyangyaɗi."

Wadda na fi so ita ce ta buzuzu, ƙwaron nan da ke mirgina kashin shanu da baya-baya. Wai wata rana Ƙasa ta tara dabbobi ta ce yunwa take ji, kowa a kanta yake ci amma babu mai ba ta ko loma. Kura ta fashe da dariya, zaki ya ce shi ba baran kowa ba ne. Buzuzu kaɗai ya ce zai ciyar da ita. Ya roƙi saniya abin da take yarwa, ya cura, ya sunkuyar da kai don kada ya ga masu yi masa dariya, ya tura har bakin Ƙasa ya binne. Ƙasa ta ƙoshi, ta ce muddin curin nan na zuwa, gero ba zai yanke ba.

Ana nan sai saniya ta ci zangarniyar wani manomi guda ɗaya tak. Ya ɗauki sanda ya kore ta, ya nome hanyar da take bi zuwa ruwa. Saniya ta yi arewa, buzuzu ya bi ta, don ba shi da abin turawa. Ƙasa ta jira, ta jira, sannan ta rufe bakinta.

A nan Kaka takan yi shiru da gangan, har sai mun yi ca: "Sai mi, Kaka? Ya dawo?" Sai ta yi dariya ta ce ya dawo mana, wata 'yar yarinya ce ta bi sawun saniya ta ba ta haƙuri. Ta tura buzuzun yumɓun cikin rushi ta ce, "Labari ya nuna, saura yumɓu." Da safe mu yi ta faɗa a kan wanda zai ɗauka.

Sau ɗaya ne kawai ba ta kai ƙarshen ba. Shekarar fari ce, rumbu ya yi ƙasa tun kafin sanyi ya wuce, Buba kuma bai zo ba. Ta kai inda Ƙasa ta rufe baki, ta tsaya. Na ja zanenta na ce, "Ya dawo?" Ta kalli wuta ta ce, "Tahi ka kwanta, mijina." Ba ta ko gasa buzuzun ba.

Yau ni tela ne a Konni, Kaka ta daɗe a kushewa. Bana, ana dab da hutun lakwal, wato makarantar boko, ɗiyata Ramatu ta shigo shago da yumɓu a leda. Wai mushensu, malaminsu ke nan, ya ce kowa ya ƙera ƙwaron mutanen Masar na dā. Wai su suna ganin shi ne ke turo rana kowace safiya, har suna sassaƙa shi da dutse mai launin shuɗi su ɗora a ƙirjin mamaci. Ta nuna mini hoton, na ce, "Kai! Wanga ai buzuzu ne! Ashe har fadar Fir'auna ya kai?" Ta kalle ni ta ce, "Baba, mine ne buzuzu?"

Wallahi sai da na tsayar da keken ɗinkin. Jinin Habsu ce, shekararta tara, amma ba ta taɓa ganin buzuzu ba.

Dama ina da tafiya Dogarawa. Ilya, wanda shi kaɗai ya rage a gidan, ya aiko cewa bana ba zai yi shuka ba, zai rufe gida ya kwashi iyalinsa su yi kudu neman abinci. Ruwan farko ya sauka, lokacin fitowar buzuzu ke nan. Na ɗauki Ramatu muka shiga motar kasuwa, tana riƙe da nata da ta ƙera, ta shafe shi da bula, ta yi masa ɗan curi ruwan ɗorawa ta ce rana ce.

Na roƙi Ilya har na gaji da bakina. Na ce, "Yaya, gonar ubanmu ce fa. Ka ƙara damina guda." Bai yi gardama ba. Ya ce, "Mu tahi gonar. In ka nuna mini ramin buzuzu guda, gobe ni yi shuka." Shi ma da shi aka zauna bakin wutar Kaka, ya san abin da yake faɗa.

Muka bi gonar kusurwa-kusurwa, mu uku, kai a sunkuye. Ƙasar ta yi fari fat, ta yi tauri kamar daɓe. Babu kashin saniya ko busasshe. Burtalin da shanun Buba ke bi tuni an nome shi, kuma har da namu garmunan a ciki. Sauran shanun gari, wasu an sayar, wasu ɓarayi sun kora. Rana ta take, Ilya ya je ya zauna a gindin gawo.

Ramatu ta je ta durƙusa gabansa, ta ajiye nata a ƙasa. "Baba Ilya, ga wanga, a bar shi nan ya yi aikin." Ya ɗauka ya juya shi a tafinsa, ya ce ya yi kyau, hannun Kaka gare ta. Sannan ya mayar mata ya ce ta kai wa mushe, kada ya fashe a banza. Kafin sati ya zagayo ya sa wa gidan kwaɗo.

Da ina yaro na ɗauka darasin shi ne kada a raina ƙaramin ƙwaro. Yanzu na gane Kaka ta san labarin a rufe bakin Ƙasa yake ƙarewa. Yarinyar nan mai bin sawun saniya ƙari ne ta yi mana don mu samu barci, kuma ranar da yunwa ta ci ƙarfinta ba ta iya ƙarawa ba. Abin yana ci mini rai, domin ban ga ta inda za a fara gyara ba, kuma na daina yaudarar kaina cewa akwai.

Ranar da muka dawo Konni, bayan an ci abinci, Ramatu ta matsa sai na ba ta labarin. Na ba ta yadda na ji shi, har inda saniya ta yi arewa, Ƙasa ta rufe baki. Ta rungume buzuzunta mai shuɗi tana jira.

"Sai mi, Baba? Ya dawo?"

Na buɗe baki in kawo yarinyar nan mai bin sawun saniya, ta ƙi fitowa. Na ce, "Tahi ki kwanta, Ramatu."