Zanen da Ambrose Ya Kwantar a Duhu

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya yi wa Ambrose Kettering rasuwa a gidansa bayan doguwar jinya. Ambrose, kai ne mai kula da ɗakin tsofaffin zane-zane a gidan tarihinmu, ni kuwa mataimakiyarka. Mai ɗakinka Rosalind ce ta bugo mini waya ta sanar da ni.

Kai ka koya mini kallo. Ba na manta ranar da ka shimfiɗa mini zanen nan na wani ɗan Italiya, mai shekara ɗari huɗu. Kowa cewa yake gunkiyar Girkawa ce, saboda lulluɓinta da gyaran gashinta. Ka ce, "Odile, bar kallon kwalliya, dubi ƙafa." Sai na hango wasu layuka dishi-dishi a ƙarƙashi: ƙafar hagu a gaba, hannuwa a dunƙule jikin cinya, tsayuwar gumakan Masar sak. Ka ce mai zanen ya fara ne da wani gunkin Masar da ya gani a birnin Rum, sannan ya tufatar da shi irin na Girka. Ranar don murna har gahawa ka saya mini, kai da ba a cin sisinka.

Dokar aikinmu ita ce, takarda in ta sha haske 'yan watanni, sai ta kwanta a akwati shekaru, domin haske cin tawada yake yi. Ka san ciwonka ba na tashi ba ne, amma da lokacin kwantar da takardar zanen nan ya yi, da hannunka ka rufe akwatin. Na roƙe ka ka ƙara mata ko mako guda. Ka yi dariya ka ce, "Ke dai akwai rigima. Ni zan tafi, ita ma sai in ja ta?"

Jiya shugabanmu, Mista Pruitt, ya ce a fito da takardar a rataye tsawon rani don tunawa da kai, har ya gayyato masu tallafa mana. In aka yi haka, layukan Masar ɗin nan sun tafi ke nan, ba mai dawo da su. Na ce a'a. Ya ce in yi tunani kafin Litinin, makullin ɗakin da ke hannuna ba gadon gidanmu ba ne. Tsoro nake ji, Ambrose. A da bayanka nake laɓewa, yanzu ba ni da maɓoya.

Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya sa ka huta. Ya ba Rosalind da 'yarku Imogen haƙurin rashinka. Ni kuma ya ba ni zuciyar maimaita a'a ɗin nan ranar Litinin.