Zuwa Safana Neman Yardar Arɗo

Mun tashi da asuba, ni da abokin tafiyata, muka yi salla a masallacin unguwa muka nufi tashar Batsari. Sammako dai sabo ne kawai, don yanzu mota ba ta fita sai rana ta ɗaga, kuma sai motar farko ta iso daga ɓangaren Safana direbanta ya ce hanya lafiya. Muka zauna kan benci muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an sa masa wani abu. Mai suyar ta ce kada mu ga laifinta, mu je mu tambayi wake da man gyaɗa.

Bari in faɗi dalilin tafiyar, don komai ya tafi bisa tsari. Na yi aikin malamin dabbobi a wannan yanki har na yi ritaya. Na rubuta littafi kan yadda makiyaya da manoma suka zauna a Batsari da Safana kafin a shiga wannan hali na rashin tsaro, da abin da ya same su bayan an shiga. Na kwashi rubutun gaba ɗaya na aika wa wani kamfanin buga littattafai a Kano. Editarsu ta kira ni ta ce ba haka ake yi ba. Littafin da ba ƙagagge ba, takardar gabatarwa ake fara aikawa. A cikinta za a faɗi abin da littafin ya ƙunsa a taƙaice, da su wa za su saya, da dalilin da ya sa ni ne zan rubuta ba wani ba, a jera babi-babi, sannan a haɗa da cikakken babi ɗaya don ɗanɗano. Ta ce a wasu ƙasashe har dillalai gare su masu kai irin wannan takarda gaban kamfanoni, kamar dai dillalan kara. Sai ta ja mini kunne kan abu na ƙarshe: wanda na ba da labarinsa a babin ɗanɗano sai ya ji abin da na rubuta ya yarda. In babu yardarsa, ba za ta kai takardar gaban manyanta ba.

Babin da na zaɓa labarin wani Arɗo ne da nake yi wa shanunsa allura tun ina saurayi. An kore masa garke, ya taso daga rugarsa ya koma gefen garin Safana. Duk littafin babu babin da ya kai wannan ƙarfi. In ya ƙi, takardata ta zama tuwo babu miya. Abokin tafiyata kuwa malamin firamare ne, Babarbare, aiki ya kawo shi Batsari, shi ke buga mini rubutu a kwamfuta. Da ya ji wurin Bafulatani za ni, ya ce ba za a bar shi a baya ba, zai je ya duba lafiyar bawansa, irin wasan nan na Barebari da Fulani.

Da hantsi motar farko ta iso, aka yi lodi. Kuɗin mota ya ninka wanda na sani, kuma aka cusa mu kamar buhunan gyaɗa. Gonakin bakin hanya an girbe gero, dawa ta sunkuyar da kai. Amma in ka miƙa ido can nesa, sai ciyawa tsayin mutum a wuraren da na san gonaki ne. Mun wuce shingayen jami'an tsaro da na 'yan sa-kai. Akwai wata kwana kusa da duwatsu inda hira ta ɗauke cak a motar, ba ka jin komai sai wata tsohuwa tana ta hasbunallahu da zakaran da ke cinyarta. Muna wucewa wani ya ci gaba da maganar tsadar taki daga daidai inda ya tsaya.

A Safana muka ci rogo da ƙuli a bakin tasha, muka hau babur zuwa bayan gari. Mun sami Arɗo zaune gindin bishiyar bedi. Ya rame, amma idonsa na nan yadda na san shi. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, gajiya, ruwan bana, haƙurin abin da ya faru. Sai ya dubi abokina ya ce, "Malam, wannan bawan nawa a ina ka tsinto shi?"

Babarbare ya ce, "Ubangidanka ne ya zo, Arɗo. Tashi ka ba ni tabarmar."

Uwargidansa ta aiko da fura. Ta ce daga bayan zana mu yi haƙuri, nonon saye ne. Wannan magana ta fi duk abin da na gani a hanya taɓa ni.

Na bayyana masa abin da ya kawo ni daki-daki, na fara karatu. Ya yi ta gyaɗa kai da na ambaci tsohuwar rugarsa, da burtali, da yadda yake kwana da shanu a gonakin mutanen ƙauyen Karare bayan kaka su ba shi dawa. Sai na iso wurin da na fi alfahari da shi. Edita ta ce mini kada in yi ta magana a dunƙule, in kawo abin da ido ya gani. Ni kuwa abin da idona ya saba gani a bakin aiki adadi ne. Na rubuta yawan shanunsa a da, da yawan waɗanda aka kora, da yawan waɗanda suka rage, da sunan garin da ɗansa ya kai su.

Arɗo ya ɗaga hannu. Na tsaya.

Ya ce, "Malam, ashe duk shekarun nan da kake zuwa allura, ƙirga kake yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, aiki ne. Sai da ƙirga ake sanin yawan magani."

Ya ce, "Na taɓa tambayarka 'ya'yanka nawa? Mu ba ma ƙirga shanu, ko a zuci. Ka ƙirga, ka rubuta, ka kuma faɗi inda suke. Wanda zai karanta wannan, ka san shi? Ka san wanda zai karanta wa?"

Ya juya ya dubi gabas. Na tabbata babin ya tafi, na fara naɗe takardun, ina tunanin abin da zan gaya wa edita.

Sai Babarbare ya ce, "Malam, goge adadin. Ai dama ƙarya ce. Yaushe bawa ya mallaki saniya? Duk nawa ne, kiwo na ba shi."

Arɗo ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai da ko akuya ba ka iya tatsa ba? In naka ne, faɗi sunan guda ɗaya." Daga nan ya shiga kiran sunayensu da kansa, kowace da uwarta da kakarta. Ya tsaya kan wata mai farin goshi da suke kira Wule. Tana cikin waɗanda aka kora, da ɗan maraƙinta. Bayan an fid da rai, wata safiya sai ga ta ita kaɗai a tsohuwar rugar, ƙafa duk ƙaya, tana tsaye daidai inda ake ɗaure maraƙi tana kuka. Wani manomi ne ya gane ta, ya jawo ta har Safana, ya ƙi karɓar ko goro. Ya kuma ba ni labarin maraƙin.

Ya ce, "In za ka rubuta, rubuta wannan. Ka cire ƙirga, ka cire sunana, ka cire garin. Wule kuwa ka sa sunanta, ita ba ta da abin ɓoyewa."

Na gyara a gabansa da biro, na sake karantawa tun daga farko. Dangwala yatsa ya ce ba zai yi ba, ya ga abin da takarda ta yi wa iyayensa lokacin jangali. Amma ya yarda aka ɗauki muryarsa a waya, ya ce ya ji kuma ya amince. Sai a lokacin na sha furar da kyau.

Ba mu daɗe ba, don mota ba ta bin hanyar bayan la'asar. Muka yi azahar a tasha muka kamo hanya. A kwanar nan aka sake yin shiru, aka wuce lafiya. Na shiga gida rana ba ta faɗi ba, na tarar da iyali sun zuba wa ƙofa ido. Alhamdu lillahi.

Abin da na koyo, ga mai niyyar rubuta irin wannan takarda. Na farko, kada ka aika littafi gaba ɗaya, ka tambayi abin da suke so. Na biyu, ka kai wa mai labari labarinsa da ƙafarka, ka karanta masa da bakinka, ko da hanya ba ta da daɗi. Na uku, a wannan zamani ka tuna ba mai sayen littafi kaɗai ke jin abin da ke cikinsa ba.

Na aika takardar da sabon babin da muryar Arɗo. Har yanzu ba su ce za su buga ba, ba su kuma ce ba za su buga ba. Amma jiya edita ta kira ni, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Baba, ina maraƙin Wule? An same shi?"

Na ce mata amsar tana babi na biyu.