Mayafin Aro a Lozells

Gorton

Ƙarfe shida saura na bar gidan 'yata. Ana yayyafi, kamar dai an taɓa dainawa. Birmingham na nufa, duba Lawandi. Shekara ashirin muna wasan kwaikwayo tare, tun daga filin makaranta har aka kawo kyamara. A lokacin mace ba ta hawa dandali, ni nake ɗaura zani in fito a matarsa, Asabe. An ce yanzu ba ya gane kowa. Na ce sai na gani.

Hanya

Mota ta tashi bakwai daidai. Awa biyu da rabi, ba shinge, ba ɗan sanda, ba ko mai tallan ƙosai. Ci gaba kenan, yunwa ta kashe ka cikin tsari.

Lozells

A nan unguwar Lozells ta Birmingham, ɗansa Kabiru, akanta, ya tare ni a ƙofa.

"Baba Tanko, don Allah ban da zancen drama. Nan kowa ya san mahaifina civil servant ne."

"Madalla. Wace ma'aikata?"

Ya yi gaba, na bi shi ciki. Dramar ce ta kai shi jami'a, amma na ƙyale shi.

Lawandi na zaune gaban taga, mutumin da a da muryarsa ke kaiwa ƙarshen fili ba lasifika. Na yi sallama, na faɗi sunana sau uku. Ya dube ni kamar ya ga ma'aikacin council, wato ƙaramar hukuma.

"GP, likitansa, ya ce sai haƙuri," in ji Kabiru.

Aka kawo shayi da biskit biyu, liyafa. Na hango mayafin matar gidan a rataye. Na ja, na yafa, na riƙe ƙugu, na ƙanƙance murya.

"Maigida, sai yanzu aka ga damar dawowa?"

Kabiru ya yi maza ya ja labule. Can sai Lawandi ya karkata hula.

"Asabe, har yau ba ki aske gemun nan ba?"

Mu dama ba a rubuta mana wasa, ni ko baƙi ban sani ba. Ka jefa, a cafe. Muka yi minti goma. Ya sake ni, ya mayar da ni, matar Kabiru na ta dariya a kicin.

Ina cire mayafin ya tambayi ɗansa, wane ne wannan baƙon.

Gorton

Bayan magariba na iso gida lafiya. Godiya ga Allah, da mai mayafi.

"Baba, ya gane ka?" in ji 'yata.

"A'a. Matarsa ya gane. Ki nemo min zani kafin Asabar."