Garin da Ke Ci da Wuta a Takardar Ƙosai

Ranar wata Laraba ce, a kakar albasa ta shekarar da nake aji huɗu, Inna ta aike ni sayen ƙosai a bakin titin Aliero. Mai ƙosan ta naɗe mini shi a takarda kamar kullum. Sai da muka cinye, zan goge hannu, na lura da abin da ke jikinta. Zane ne baƙi da fari, mai ya jiƙa rabinsa. Bukkokin ciyawa suna ci da wuta, wasu mutane masu faffaɗan huluna da dogayen bindigogi suna kora shanu, wata mata tana gudu da jariri a ƙirji. A gefe ga wata babbar bishiya, mutane rataye a rassanta, ƙafafunsu ba takalma.

A sanina da jarida ake naɗe ƙosai, jarida kuwa abin da ya faru jiya take faɗi. Bukkokin nan sak rudun da muke ajiye albasa a ciki. Baba kuma tun da safe ya hau babur ya nufi wani ƙauye bayan Maiyama. Na zauna a gindin turmi ina bin mutanen bishiyar ɗaya bayan ɗaya, ina neman mai tsayinsa. Ban share tsakar gida ba, ƙawayena suka kira ni gaɗa na ƙi fita. Kakata ta karɓi takardar, ta nisanta ta da idonta, sannan ta ce, "Innalillahi. Wane gari na wanga?"

Malama Rahila, maƙwabciyarmu da koyarwa ta kawo garin, ita ta ce shafin littafi ne. Yaƙin Turai ne na ɗaruruwan shekarun baya, wani ya karce shi a farantin tagulla aka buga. "'Yata, waɗannan sun daɗe da zama ƙasa." Duk da haka ban tashi daga gindin turmin ba sai bayan la'asar, da Baba ya shigo na ƙanƙame rigarsa mai warin fetur.

Yanzu a waya hotunan ke zuwa, masu launi, da sunan garin a ƙasa, wani lokaci garin da na taɓa zuwa biki. Baba ya tsufa amma bai daina bin hanyar ba, ni kuma ina kiransa har ya gaji da ni. Ina kewar lokacin da tsorona kuskure ne.