Ranar Da Na Doke Hannun Oga

Duk abin da zan manta a shekarun da na yi a sojan sama, ban da ranar da na doke hannun ogana. Abin da ya tuna mini shi ne abin da na gani jiya a nan, ɗakin injin niƙa roba: bel ɗin da ke juya injin yana hayaƙi, Ishaya mai kula da injin ya gani, amma ya tsaya jiran manaja ya gama waya. Haushi ya hana ni cin abincin rana.

Lokacin ina saje, injiniyan jirgi. Aikina in zauna bayan matuƙa biyu in zuba wa agogunan inji ido. Babban matuƙinmu, Wing Kwamanda Garba, abokin mahaifina ne, shi ya cike mini takardar shiga soja. Ko ido ba na iya haɗawa da shi.

Wata Talata da hantsi muka tashi daga Kano a jirgin dakon kaya mai inji biyu, sojoji cike a baya. Ba mu yi nisa ba, rufin masana'antun Bompai ɗin nan na ƙarƙashinmu, sai ƙararrawa ta ɗauka, jar fitila ta kama. Wuta a injin hagu.

Ƙa'ida ita ce ba mai kashe inji shi kaɗai. Matuƙi zai ɗora hannu a kan mariƙin kashe injin, ya faɗi wanda zai kashe, wani ya duba ya ce ya tabbatar, sannan a ja. Mataimakin matuƙi yana fama da jirgin, yana magana da hasumiyar filin jirgi, don haka tabbatarwar ta faɗo kaina.

Oga ya ce, "Hagu. Tabbatar."

Bakinsa ya ce hagu, hannunsa kuwa yana kan na dama, mai lafiyar. In ya ja, ba mu da inji ko ɗaya.

Kun san abin da ya fito daga bakina? "Ranka ya daɗe, da dai za ku ƙara dubawa..." Wallahi haka na ce, kamar mai neman aron tabarma. Ko juyowa bai yi ba, yatsunsa suka fara damƙewa. Ban san lokacin da na kai masa duka a bayan hannu ba, na daka tsawa, "Ba shi ba ne!"

Ya duba, ya mayar da hannu kan na hagu, na ce na tabbatar. Muka kashe shi, muka saki maganin wuta, muka juyo muka sauka da inji ɗaya.

Bayan la'asar ya kira ni ofis. Na tafi ina tunanin da wane baki zan gaya wa mahaifina an cire mini igiya.

Ya ce, "Saje Habu, sau nawa ka yi magana?"

"Sau biyu, ranka ya daɗe."

"Ta farkon me ka ce?"

Na maimaita masa, kaina a ƙasa. Ya murza bayan hannunsa, sannan ya ce, "Dukan na gode. Gaisuwar ce ba zan yafe ba. Mutane cike a bayanka, gari a ƙarƙashinka, kai kana zaɓar kalma?"

Kunyar da na ji ranar ta fi ta cire igiya.

Ku ma'aikatan nan, ladabi gadonmu ne, ban ce ku zubar ba. Ku gaishe ni a bakin get, ku durƙusa ma in kuna so. Amma jan maɓallin nan na kashewa da ke jikin kowane inji bai san manaja ba. Ishaya, gobe in ka ga hayaƙi, danna shi tukuna. In hannuna ne ya tare maka hanya, doke shi.