Ɗaurin Fatar Baba

Ranar wata Talata ce cikin watan Yuni, shekarar da nake ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare. Mu tara ne a bayan tsohuwar bashe ta Baba, motar nan mai buɗaɗɗen baya da yake kai gero da awaki kasuwar Dakoro, kowa da bironsa biyu, za mu jarrabawar sartifika. Da asuba aka sha ruwan farko na shekara, ƙasa sai ƙamshi take yi. Ni har sabon kitso aka yi mini.

Wata huɗu kafin nan, a hanyar Bader Goula, ƙarfen da ke riƙe da rasor, wato sifirin ƙafar gaba, ya tsage daga jikin motar. Da ƙyar aka jawo ta gida. Baba bai yi wata-wata ba, ya saro icen aduwa ya tokare wurin, ya yanka fatar sa siri-siri, ya jiƙa, ya naɗe yadda Buzaye ke ɗaure sirdin raƙumi. Ni na riƙe masa ƙwaryar ruwan, ina ta alfahari. Rana ta busar da fatar, ta kama gam. Duk rani motar tana zirga-zirga, Baba kuwa ya sami abin taƙama, baƙo bai isa ya sha furarsa ba sai an durƙusar da shi ya leƙa ƙarƙashin mota. Inna takan ce, "Malam, ka kai ta ga masu walda tun damana ba ta hwaɗi ba." Shi kuma ya ce, "Wanga ɗauri ya hi ƙarhe."

Duk yarinyar da ta taɓa jan guga ta san fata in ta sha ruwa sakewa take yi. Baba kaɗai ya manta. A kududdufi na uku muka ji ƙaras, gaban motar ya durƙusa cikin taɓo. Muka kwashi takalma a hannu muka yanki hanya da gudu, amma ko da muka isa an rufe ƙofa, an gama dikte, wato shifta, da lissafi. Sauran takwas suka maimaita aji. Ni na riga na maimaita sau ɗaya, aka sallame ni.

"Allah bai yi ba, ɗiyata," in ji Baba. Har yau wannan magana tana ƙona mini rai. Ai Allah ya yi masu walda a Dakoro, kuma aikin bai wuce hantsi ɗaya ba.

Yanzu ƴar ajinmu da a da nake koya wa lissafi a ƙarƙashin icen bedin lakwal ita ke koyar da ƴaƴana, in mun haɗu ni ke fara gaishe ta. Baba ya rasu, na yafe masa, ko da yake baki ya riga zuciya. Motar tana nan bayan rumbunmu, kaji suna ƙwai a cikinta. Kwanan baya na durƙusa na leƙa. Fatar ta sake bushewa, ta kama gam, ko da wuƙa ba ta kwantuwa.