Tanti Aicha da Ƙanƙarar da Ta Kwana Kusa da Naman Rago

Kowace safiya, kafin ɗalibai su iso, Tanti Aicha ta riga ta sa farar rigarta a kan atamfa, ta ɗora tafin hannu a jikin babbar firizar ɗakin bincike kamar mai duba zazzaɓin jariri. 'Yar Damagaram ce. Karatu ya kawo ta birnin Guangzhou na ƙasar Sin tana budurwa, aiki ya riƙe ta har furfura ta fito. A wannan gari da gumi ke bin mutum har inuwa, aikinta kula da dusar ƙanƙarar da ake kawowa daga duwatsun yammacin Sin.

Ita ta fara fahimtar da ni abin da masu binciken suke yi. Ta ce dusar ƙanƙara kan tashi sama ta zama tururi ba tare da ta narke ba, shiru, ba sallama. Ƙwayoyin ruwa marasa nauyi su ke fara tafiya, masu nauyin su zauna. Da na'ura ake auna su, a gane nawa iska ta kwashe, nawa zai isa kogi mutane su sha. Sunanta bai taɓa hawa kan takardar bincike ba, amma kowace kwalba ta bi ta hannunta.

Hadi, wani ɗalibi ɗan Kano, shi ya fi kowa sanin darajarta. Ya sha sanyin dutse har ya ɗebo ƙanƙara cikin dogayen bututai, hawa-hawa yadda ta kwanta. In ta narke, ta sama ta gauraya da ta ƙasa, digirinsa ya bi ruwa. Ana tsakiyar hutun zafi injin firizar ya mutu da rana tsaka. Mai gyara ya leƙa, ya ce "meyo", wato babu kayan gyaran sai bayan hutu. Hadi ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

"Tashi, ɗana," in ji Tanti. "Kukanka ma ɗumi ne. Ɗauko kuloli."

Ta kira Hajiya Alima, 'yar zangon Kumasi mai gidan tuwo a unguwar Baiyun. Kafin la'asar ƙanƙarar dutse ta kwanta kusa da naman rago a firizarta.

Sai dai firizar Hajiya ta kowa ce. Duk ɗan kasuwar da ya shigo buɗewa yake, ya ɗauki abin da ya ga dama. Tanti na sallar la'asar, Alhaji Sabiru, mai sarin wandunan jins daga Xintang, ya zaro bututu guda ya girgiza shi cikin zoɓonsa.

"Hajiya, wannan ƙanƙarar taki laushi gare ta," ya ce.

"Alhaji, karatun yaron nan kake sha," in ji Hajiya Alima.

"Shi ya sa na ji kaina na buɗewa."

Hadi bai yi dariya ba. Sauran bututan ne kaɗai suka rage masa, ga hutu da saura, ga masu ƙishi na ta shigowa. Tanti ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta karɓi jakar Gana-mas-go a wurin Hajiya, ta jera bututan ciki, ta naɗe ta da salatif ruwan ɗorawa yadda ake naɗe kayan jirgi, ta mayar cikin firiza, ta ce da ƙarfi, "Wannan saƙo ne." Ta san mutanenta. Ɗan kasuwa zai iya shanye maka zoɓo, amma saƙon wani ko da yunwa ba ya taɓawa. Har aka gama hutu, Alhaji Sabiru da kansa yake korar masu leƙen jakar.

Hadi ya zama dokta a bana. Alhaji kuwa na yawo yana cewa wani yanki na digirin a cikinsa yake.

Tanti Aicha, ke ce mai tsaron abin da ba ya son zama. Ke ce kika san na'ura, kika kuma san halin 'yan uwanki, kika haɗa su wuri guda suka yi aiki. Wata mai zuwa za ki koma Damagaram, inda tafki ke ƙafewa ido na kallo, kin ce za ki zauna da yara ki nuna musu inda ruwan yake tafiya.

Mun gode, Tanti. Allah ya saka miki, ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya wa wasu. Ku da ke karanta wannan, in aka ba ku ajiyar abin da zai iya narkewa, ku riƙe shi yadda ta riƙe. Jakar nan kuwa, tun da aka kwashe bututan aka sake naɗe ta, tana rataye a gidan Hajiya Alima, ba komai ciki, kuma har yau ba wanda ya buɗe ta.